Ko Ka Sani? Na'urar Numfashi a Ƙarƙashin Teku da Jakar da Ke Ɗaukarta

Ko ka sani cewa wanda ya nutse cikin teku zurfin mita 10 kaɗai, matsin da ke kan jikinsa ya ninka wanda muke ɗauke da shi a doron ƙasa, in ya kai mita 30 kuwa ya zama ninki huɗu? Wannan shi ne sababin da ya sa ɗan Adam, duk da irin hikimar da Allah Maɗaukakin Sarki ya hore masa, ya daɗe ba ya iya zama ƙarƙashin ruwa sai gwargwadon numfashi guda, ko kuwa sai an kifa masa kwalkwalin tagulla ana hura masa iska ta tiyo daga cikin jirgi. Gama ƙirjin mutum ba shi da ƙarfin jawo iska daga sama alhali ruwa na danne haƙarƙarinsa, sai fa in iskar ta zo masa da matsi daidai da na ruwan da ya kewaye shi.

Mutum biyu ne 'yan ƙasar Faransa suka warware wannan mas'ala a shekarar 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu: Jacques Cousteau, hafsan sojan ruwa, da Emile Gagnan, injiniya, wanda dama ya ƙera wata 'yar na'ura domin motocin da aka mayar suna aiki da iskar gas saboda ƙarancin fetur. Da suka mayar da ita ta numfashin mai nutso, suka gwada ta a kogin Marne kusa da birnin Faris, sai suka tarar in mai nutso ya miƙe tsaye iska tana ta kwarara a banza, in ya sunkuyar da kai ƙasa kuma numfashi ya yi wuya. Da suka gane cewa illar tana ga nisan da ke tsakanin mashigar iska da mafitarta, suka kusanto da su wuri guda, sai al'amari ya daidaita. Ita ce aka sa wa suna Aqua-Lung.

Ta zamanin nan mataki biyu gare ta. Tukunyar da mai nutso ke goyawa an cusa mata iska har matsinta ya ninka na sararin duniya wajen sau 200, wanda da zai shiga huhu kai tsaye da halaka ce nan take. To, mataki na farko, wanda ake ɗaurawa a bakin tukunyar, shi ke karya wannan ƙarfi ya mayar da shi ya ɗara na ruwan da ake ciki da kimanin ninki 10 na matsin sararin duniya, sa'an nan iskar ta biyo tiyo zuwa mataki na biyu da ke bakin mai nutso. A nan ne hikimar take, domin a cikinsa akwai wani tantanin roba siriri, wanda da zarar mutum ya ja numfashi sai ya lotsa ciki ya tura ɗan ƙarfen da ke buɗe wa iska ƙofa, da zarar ya daina kuma ƙofar ta rufe, ta yadda ba a ba shi sai abin da ya nema, a lokacin da ya nema.

Abin da ya kamata mai hankali ya yi la'akari da shi kuwa shi ne, wannan na'ura da ke jure dannin teku rarrauna ce ƙwarai a tudu: ƙwayar rairayi, ko ɗigon ruwan gishiri da ya shiga mataki na farko, ko tiyon da aka lanƙwasa da ƙarfi aka ɗora masa kaya, kowannensu yana iya raunana ta, raunin kuma sau da yawa ba ya bayyana sai an kai inda gyara ba ya yiwuwa. Ga shi ma'abota nutso matafiya ne, suna keta ƙasashe zuwa wurare irin su Bahar Maliya, wadda kakanninmu mahajjata suka ƙetare daga Sawakin zuwa Jidda, inda kuma a shekarar 1963 mutanen Cousteau suka zauna wata guda cikin ɗakin ƙarfe a ƙarƙashin ruwa, a Sha'ab Rumi da ke arewa da Port Sudan. Saboda haka zaɓen jaka, a ganina, yanki ne na kiyaye rai, kiyaye rai kuwa malamai sun lissafa shi cikin manyan wajibai.

Akwai abin da ba a ɗauka sam. Tukunyar alminiyam da aka fi amfani da ita ta kai wajen kilo 14 ba iska a cikinta, kuma masu binciken kaya a filayen jirgin saman Amurka ba sa barin ta wuce sai an juye iskar an kwance bakinta. Dalmar da ake ɗaurawa a ƙugu ita ma nauyi ce tsantsa. Duka biyun haya ake karɓa a wurin nutson.

Na'urar numfashi kuwa, da agogon da ke lissafa zurfi da lokaci, da gilashin fuska, musamman in an yi shi bisa awon idon mai shi, waɗannan ba a rabuwa da su: ƙaramar jaka mai soso a ciki ake nema musu, a naɗe tiyo a sassauce, a shiga da ita jirgi a hannu, tare da batiran lithium, waɗanda dokar jiragen sama ta hana a zuba su warwatse cikin kayan da ake lodawa a ƙasa. Wuƙa ce kaɗai hukuncinta ya saɓa, don ita sai babbar jaka.

A kan babbar jakar ne mutane suka fi ruɗuwa, domin ido yana son mai kauri, mai aljihu da yawa da manyan tayoyi, alhali kamfanonin jirage da dama kilo 23 suke yarje wa jaka guda, wata jakar kuwa ita kaɗai, ba komai cikinta, ta cinye kilo 5. Ni dai na fi ganin daidai ga mutum ya fara ɗora jakar a sikeli tun a kanti, ya auna tsawonta da takalman nutsonsa, waɗannan masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, waɗanda ke kai santimita 60 ko fiye. Sa'an nan ya duba zif, ya zaɓi na roba mai manyan haƙora, tun da gishiri yana cin na ƙarfe har ya ƙafe. Kuma kada sunan kamfanin kayan nutso ya fito ɓaro-ɓaro a jikinta, don yin haka shela ce ga mai dogon hannu cewa akwai abu mai tsada a ciki. Wajen shiryawa, takalman nan ake jinginawa a gefe biyu su zama garkuwa, a shimfiɗa falmaran ɗin da mai nutso ke sawa ana hura masa iska, bayan an fitar da iskarsa duka, a naɗe abin da ake tsoron ya fashe cikin rigar roba. In an isa, babbar jaka masauki take zama, gama kwalekwale ba shi da wurin ajiye ta. Jakar raga, wadda ke ninkuwa ta shige aljihu, ruwa kuma ya tsiyaye ta cikinta, ita ke fita teku.

Saura sharaɗin komowa, wanda ya shafi jiki kafin kaya. Iskar naitirojin da jini da tsoka suka sha a zurfi ba ta fita nan da nan, matsin iska a cikin jirgin sama kuma bai kai na ƙasa ba, don haka wanda ya yi gaggawar tashi tana iya zama kumfa a jijiyoyinsa, ta jawo ciwon gaɓɓai ko shanyewar jiki. Shi ya sa masana suka ƙayyade a dakata aƙalla awa 12 bayan nutso guda, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere. Cikin wannan jira ne ake busar da murfin mataki na farko a toshe bakinsa da shi, a wanke komai da ruwan daɗi, a shanya a inuwa, domin rana tana tsofar da roba, rigar da aka cusa a jaka da danshinta kuwa takan isa gida da fumfuna, bayan ta ƙara nauyin da za a biya kuɗinsa a kan sikeli.