Farar da ke shinshino bam

A jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, fara ta samu aikin soja. A 2020 ne ayarin Farfesa Barani Raman ya nuna cewa wannan ƙwaro na iya bambance warin TNT da na sauran sinadaran bam cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Sirrin yana cikin 'yan ƙahonin kanta, masu ɗauke da dubban jijiyoyin jin wari. Masanan sukan dasa siraran wayoyi a ƙwaƙwalwarta, su ɗora ta a kan ɗan amalanke. Da zarar tururin sinadari ya taɓa ƙahonin, sai jijiyoyin su harba saƙon lantarki, kwamfuta kuma ta fassara shi. Fara ɗaya takan yi kuskure, amma in aka haɗa saƙon guda bakwai, ana dacewa kusan kashi 80 cikin 100. Wannan bai kai a kori karnuka masu shinshino bam daga filin jirgi ba tukuna.

Rundunar sojan ruwan Amurka ce ta zuba kuɗin binciken, domin har yanzu hancin halitta ya fi yawancin na'urori kaifi, ga kuma arha.