BABI NA UKU: NA'URORIN KWAMFUTA MARASA WAYA DA MATSALOLIN WASAN KWAMFUTA A ƘASAR FUNTUWA DA MALUMFASHI

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ƙasar Funtuwa da Malumfashi da sana'o'in mutanenta. A wannan babi kuwa za a dubi na'urorin kwamfuta marasa waya, da yadda suke aiki, da irin matsalolin da masu wasa da su suke fuskanta. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, yawancin laifin da ake ɗora wa waɗannan na'urori ba nasu ba ne. Tushensa yana ga wutar lantarki da ƙura da zafi da kuma cunkoson ɗakin wasa. Wato dai sau da yawa akan bar jaki ne a doki taiki.

3.1 Ma'anar Na'ura Maras Waya

Kalmar "waya" tana da ma'ana fiye da ɗaya a Hausa. A wannan babi ana nufin igiyar da ke haɗa wata na'ura da kwamfuta, ita kuwa wayar magana za a riƙa kiran ta salula. Saboda haka na'ura maras waya ita ce duk wadda take aika saƙo zuwa ga kwamfuta ta iska, ba tare da igiya ba. Waɗanda aka fi sani su ne linzami, da allon madannai, da abin saurare na kunne, da kuma fad, wato abin da mai wasa yake riƙewa da hannu biyu yana sarrafa 'yan wasan da ke cikin allo.

Hanyoyi biyu ne waɗannan na'urori suke bi. Ta farko ita ce Bluetooth, wadda kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ya fara aiki a kanta a shekarar 1994, aka kuma raɗa mata sunan wani sarkin Denmak na ƙarni na 10. Tana aiki a zangon rediyo na gigahaz 2.4, inda ta kasa shi gida 79, tana tsalle daga wannan gida zuwa wancan sau 1,600 a cikin sakan ɗaya don kauce wa karo da wasu saƙonni. Nisan da takan kai a ƙananan na'urori bai cika wuce mita 10 ba. Hanya ta biyu ita ce ta 'yar ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a kafar USB, wadda a nan za a kira ta makarɓi. Shi ma a zangon 2.4 yake aiki, sai dai kowane kamfani da tsarinsa, don haka makarɓin wani kamfani ba ya jin linzamin wani. Alal misali, makarɓin Unifying da kamfanin Logitech ya fitar a 2009 yana iya ɗaukar na'urori shida, amma na Logitech kaɗai.

3.2 Wasan Kwamfuta a Wannan Yanki

Funtuwa mahaɗa ce ta hanyoyin Zariya da Gusau da Birnin Gwari, da kuma wadda ta bi ta Bakori zuwa Malumfashi. Tun zamanin cinikin auduga da hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta isa Ƙauran Namoda a 1929, garin yake karɓar baƙin kaya da wuri. Kayan kwamfuta ma hanyar kasuwanci suka biyo: daga kasuwannin Alaba da Ikeja a Legas, zuwa titin Beirut da kasuwar Farm Centre a Kano, daga nan kuma su watsu zuwa garuruwan kudancin Jihar Katsina. Da yawa daga cikinsu kayan gwanjo ne da aka yi amfani da su a Turai ko Amurka, waɗanda ake kira tokumbo.

Ba kowane matashi ke da halin mallakar na'urar wasa ba, shi ya sa gidan gem ya samu karɓuwa. Gidan gem shago ne da ake jera talabijin da na'urori da benci, mutum ya biya kuɗi ya buga wasa. Wasan ƙwallon ƙafa ne ya fi farin jini, musamman Pro Evolution Soccer na kamfanin Konami, da FIFA na kamfanin EA Sports wanda aka sauya wa suna zuwa EA Sports FC a 2023. Na'urar PlayStation 2, wadda ta fito a 2000, da fad mai waya ta zo. Da PlayStation 3 ta fito a 2006 sai fad ɗin ya koma Bluetooth, haka ma na PlayStation 4 a 2013. A yau akan haɗa irin waɗannan fad da kwamfutar tebur ko ta tafi-da-gidanka, a gidan gem ko a ɗakin samari. Ya kamata a lura cewa a gidan gem mutum biyu ne suke karawa a gaban 'yan kallo, kuma kowa ya biya kuɗinsa. Idan fad ya ƙi jin umarni a lokacin bugun fanareti, abin yakan zama gardama, wani lokaci har da faɗa, mai shago kuma ya rasa abokan ciniki.

3.3 Ire-iren Matsaloli

3.3.1 Wutar Lantarki da Batir

Na'ura mai waya daga jikin kwamfuta take shan wuta. Maras waya kuwa da batirinta take tafe, ko dai ƙananan batura masu bolt 1.5, ko kuma batirin litiyam da ake yi wa caji, kamar wanda ke cikin fad ɗin PlayStation 4. Ke nan cire waya bai raba na'ura da buƙatar wuta ba, ƙara wa mai ita hidima ya yi. Idan batir ya yi ƙasa, alamar farko ita ce na'ura ta riƙa yankewa tana dawowa, sai mai wasa ya zaci ta lalace.

Tun daga 2013 kamfanin KEDCO ne yake rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, amma ba shi yake samar da ita ba, daga babban layin ƙasa take zuwa. A watan Oktoba na 2024 jihohin Arewa da dama sun yi fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ya ratso ta Jihar Binuwai shi ma ya samu matsala. A irin wannan hali janareta ake komawa. To amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowace sa'a da janareta ya yi yana aiki ta zama kuɗi mai nauyi. Mai shago yakan kunna shi ne kawai idan masu wasa sun taru, alhali a lokacin ne fad suke hannu, ba su kan caji.

Bugu da ƙari, wutar ƙaramin janareta ba ta tsayawa daidai a kan bolt 230 da kayan lantarki suke buƙata a Nijeriya. Hawa da saukarta yana ƙona caja, yana kuma sa kwamfutar tebur ta mutu a tsakiyar wasa. Ita kuwa kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta mutuwa idan an ɗauke wuta, amma da zarar ta koma kan batir sai ta rage wa kanta ƙarfi don tattali. Nan take hoto ya fara sarƙewa, mai wasa kuma ya ɗora wa fad laifi.

3.3.2 Cunkoson Iska

Kamar yadda aka ambata a 3.1, Bluetooth da makarɓi duk a zango ɗaya suke aiki, kuma a wannan zangon ne Wi-Fi ma yake. Idan aka dubi gidan gem da yamma, za a tarar da fad da dama suna aiki, ga samari kowa da salula a aljihu, wasu sun buɗe wa abokansu intanet daga salularsu, wasu kuma suna tura wa juna finafinai da waƙoƙi. Duk waɗannan saƙonni hanya ɗaya suke bi, kamar motocin hatsi a bakin kasuwar Dandume ranar cin kasuwa. Idan saƙo ya yi karo da wani sai an sake aika shi, wannan kuwa shi ne jinkirin da mai wasa yake ji a hannunsa.

Akwai wasu abubuwa uku da suke ƙara tsananta wannan. Na farko, jikin ɗan Adam yawancinsa ruwa ne, ruwa kuwa yana shanye irin wannan saƙo, saboda haka 'yan kallon da suka tsaya tsakanin fad da kwamfuta suna rage masa ƙarfi. Na biyu, ƙarfe yana tare shi, don haka makarɓin da aka maƙala a bayan akwatin kwamfuta a ƙarƙashin tebur ba ya ji sosai. Na uku, kafar USB 3.0, wadda galibi ake gane ta da launin shuɗi, tana fitar da wani amo a daidai zangon 2.4, kamar yadda kamfanin Intel ya bayyana a 2012. Maganin wannan mai sauƙi ne: a sa makarɓi a kafar USB 2.0, ko a jawo shi da 'yar gajeruwar igiya zuwa saman tebur inda zai fuskanci mai wasa.

3.3.3 Ƙura da Zafi

A ƙarƙashin sandar yawancin fad akwai wasu 'yan ƙananan ma'aunai da suke gogar juna, su ne suke gaya wa kwamfuta inda aka karkata sanda. Idan suka side, ko ƙura ta shige su, sai a ga ɗan wasa yana tafiya shi kaɗai ba a taɓa shi ba. Wannan ciwo bai bar mai waya ko maras waya ba. Haka kuma ƙura tana toshe fankar kwamfuta da hanyoyin shan iskarta. Idan ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yi zafi ƙwarai, takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Shi ya sa wasa yakan fara lafiya lau, bayan ɗan lokaci ya kama sarƙewa. Shi ma batirin litiyam zafi yana rage masa kwana, musamman idan ana yi masa caji a ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana.

3.3.4 Rashin Jituwa Tsakanin Fad da Kwamfuta

Manhajar Windows tana da hanyoyi biyu na fahimtar fad: tsohuwa mai suna DirectInput, da XInput wadda ta zo tare da Xbox 360 a 2005. Yawancin sababbin wasanni ta biyun suka sani, alhali fad masu araha da yawa ta farkon suke bi. Sakamakon haka sai kwamfuta ta ga fad amma wasa ya ƙi ganin sa, ko madannai su rikice, a danna na miƙa ƙwallo ya buga ta waje. Akan gyara wannan da ƙananan manhajoji irin su x360ce da DS4Windows. Har ila yau, yawancin kwamfutocin tokumbo don aikin ofis aka ƙera su, ba su da ƙarfin sarrafa hoton sababbin wasanni. Sayen sabon fad ba ya maganin wannan, sai dai a rage kyawun hoto a cikin tsarin wasan.

3.3.5 Jinkiri da Intanet

Wasan da ke nuna hoto 60 a sakan ɗaya yana sauya hoto kusan duk bayan milisakan 17, wato kashi 17 cikin 1,000 na sakan. Linzami na yau da kullum yana aika saƙo sau 125 a sakan, ke nan duk bayan milisakan 8, na wasa kuwa sau 1,000. Daga nan za a fahimci cewa jinkirin lafiyayyar na'ura maras waya bai kai wanda ido zai kama ba. Jinkirin da ya fi damun mutane daga talabijin yake zuwa, ko daga intanet idan ana karawa da wani a nesa.

Dogaro da intanet yana da nasa hatsarin a wannan yanki. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, ba a kuma maido da su ba sai a ƙarshen shekarar. A cikin wannan watan ne Konami ya fitar da eFootball, magajin Pro Evolution Soccer, wanda ya dogara ƙwarai da intanet. Wannan ya nuna amfanin riƙe tsofaffin wasannin da ake bugawa ba tare da intanet ba.

3.4 Dangantakar Matsalolin da Lokutan Shekara

Idan aka haɗa abubuwan da suka gabata, za a ga cewa matsalolin suna bin kalandar manomi. Da damina samari suna gona, ciniki yakan ja baya, ga tsawa da iska masu kayar da turakun wuta. Da kaka, bayan an sayar da masara da dawa da waken suya da auduga, kuɗi yakan shiga hannun matasa, gidajen gem su cika. To a daidai wannan lokaci ne hunturu yake saukowa da ƙurarsa, ga ƙaiƙayin sussuka a iska. Wato lokacin da na'urori suka fi shan aiki shi ne lokacin da suka fi shan ƙura da cunkoso. Da bazara kuwa, a watannin Maris da Afrilu, zafi yakan kusanci digiri 40, sai matsalar ta koma kan batir da fanka.

Saboda haka mai shagon da ya san sana'arsa yakan shirya tun kafin kaka: ya buɗe kwamfuta ya kakkaɓe ta, ya tanadi kyallen rufe na'urori, ya sayi sitabilaiza, idan da hali ya haɗa da farantin sola da inbata don cajin fad da rana. Yana kuma da kyau ya ajiye fad mai waya ko igiyar USB a kusa, domin yawancin fad na zamani suna aiki ta igiya idan an jona su. A wasan da gardama za ta iya tashi, kamar gasar unguwa, fad mai waya ya fi kwanciyar hankali, tun da ba ya buƙatar caji, cunkoson iska kuma ba ya taɓa shi.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an yi bayanin ma'anar na'ura maras waya da hanyoyi biyu da take aika saƙo. An kuma kawo matsaloli biyar da masu wasa suke fuskanta a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, aka nuna yadda suke sauyawa daga damina zuwa kaka da bazara. An fahimci cewa kafin a yanke wa fad hukunci, ya kamata a duba batir, da wurin da makarɓi yake, da zafin kwamfuta, da kuma wutar da take sha. Na'ura maras waya ta dace da mai wasa shi kaɗai a ɗakinsa, amma a gidan gem mai cunkoso da ƙarancin wuta, mai waya ta fi rufa wa mai ƙaramin jari asiri. Babi na gaba zai dubi kalmomin da wannan sana'a ta shigo da su cikin harshen Hausa.