Makarantar Marayun Birai a Tsibirin Borniyo

A wannan ɗan rubutu ina so in ja hankalin mai karatu zuwa ga wani biri mai jan gashi da ake kira orangutan. Sunan daga harshen Malay ya fito, inda "orang" ke nufin mutum, "hutan" kuma daji, wato dai mutumin daji. A yau ba a samunsa yana rayuwa a daji sai a tsibiran Borniyo da Sumatara, cikin ƙasashen Indunusiya da Malesiya. Jinsinsa uku ne, na ukun, wato na Tapanuli, sai a 2017 aka tabbatar da shi, kuma duka ukun suna bakin ƙarewa.

Babban dalili shi ne sare daji don shuka kwakwar manja, sai gobarar daji da farauta. Idan aka kashe uwa, akan ɗauke jaririn a sayar ko a ajiye shi a gida. Irin waɗannan marayu ne ake ƙwatowa a kai cibiyoyin raino, kamar ta Sepilok da aka buɗe a jihar Sabah a 1964, da ta Nyaru Menteng da aka kafa a Kalimantan ta Tsakiya a 1999.

To, me zai hana a yi wa maraya magani a mayar da shi daji kawai? Amsar ita ce, zaman daji koyonsa ake yi. Ɗan orangutan yakan shekara shida zuwa takwas tare da uwarsa. Yakan matso da fuskarsa dab da hannunta ya zuba ido yana kallon yadda take ɓare 'ya'yan itace masu ƙaya, da yadda take fasa gidan gara, da yadda take lanƙwasa rassa ta yi sabuwar sheƙar kwana kusan kullum da yamma. A 2003 Carel van Schaik da abokan aikinsa suka nuna cewa wasu ɗabi'un sun bambanta daga wannan daji zuwa wancan: a wani wuri biri kan kara ganye a baki in zai yi tsakin gargaɗi, a wani wurin kuwa ba a san da haka ba. Mu ɗaliban harshe sai abin ya tuna mana da karin harshe.

Saboda haka aka ƙirƙiro "makarantar daji". Bayan an killace maraya an duba ko ya ɗauki tarin fuka ko ciwon hanta daga mutane, sai a danƙa shi ga mata masu raino. Da safe su kai shi daji tare da tsararrakinsa, su nuna masa hawa da neman abinci. Har macijin roba ake ɓoyewa cikin ganye, mai raino ta yi kururuwa ta nuna firgita, don yaran su koyi tsoronsa.

A ganina, nan ne gizo ke saƙar. Orangutan ba mai zaman garke ba ne. Babban namiji shi kaɗai yake yawo, da dogon kuka yake sanar da inda yake. Mace kuwa daga ita sai ɗanta, sai jefi-jefi ta haɗu da 'yan'uwa a bishiya mai 'ya'ya. Amma maraya a cikin taro ya tashi. Taron yana da amfani, domin ƙanana sukan kwaikwayi waɗanda suka fi su iyawa, sau da yawa fiye da yadda suke kwaikwayon mutum. Illarsa kuwa ita ce sabo. Birin da ya saba da hannun mutum yakan yawaita zama a ƙasa, kuma ba ya shakkar shiga gona, inda adda ko bindiga ke jiransa.

Shi ya sa kafin saki ake kai su wasu tsibirai na cikin kogi, a rage hulɗa da su, a riƙa lura daga nesa: wa ke kwana a sama, wa ke neman abincinsa, wa ya san ya kauce wa babban namiji? Wanda ya ci wannan jarrabawa sai a sa masa 'yar na'urar bin sawu a ƙarƙashin fata, a kai shi daji mai nisa irin Bukit Batikap, inda aka fara saki a 2012. Wanda ya daɗe a keji har ya kasa koyo, ko mai cutar da zai iya yaɗawa, a hannun masu raino zai ƙare rayuwarsa.