Amina a Kano, Lifidi a Kwamfuta: Wane Wasan Dabarun Yaƙi Ya Cancanci Kuɗinka?

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, wannan na'ura ta kutsa gidajen da a da ba a yi zaton za ta shiga ba. A nan Kinkinau inda nake zaune, da maƙwabtanmu na Unguwar Mu'azu da Tudun Wada, ma'aikata da dama sun ƙuƙuta sun sayo wa 'ya'yansu ƙaramar kwamfutar ɗorawa a cinya, galibi ta hannu, domin yaro ya saba da ita kafin ranar jarrabawa. To amma yaro ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Da ya kwana biyu da na'urar sai ya zo da buƙatar a saya masa wasa, ya ambaci suna da Turanci wanda uban bai taɓa ji ba, ya ce kuma da dala ake biya. Wasu iyayen su hana nan take, wasu su miƙa katin banki ba tare da tambaya ba. A tawa fahimtar duka biyun ganganci ne, domin wanda aka hana zai samo na sata a wurin abokai, wanda kuwa aka sakar wa kati zai iya cinye kuɗin cefanen wata a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Rukunin da nake son mu duba shi ne na wasannin dabarun yaƙi na nan-take. A dara, kai ka yi, abokin wasa ya yi, kowa yana jiran ɗan'uwansa. A nan babu jira. Ana ba ka ƙauye da manoma kaɗan, ka tura wasu gona, wasu saran itace, wasu haƙar zinariya, ka gina gidaje da bariki da kasuwa, ka tara runduna, alhali abokin gaba yana can yana yin irin haka a daidai wannan lokaci, kuma ba ka ganinsa sai ka aika ɗan leƙen asiri. Wanda ya zuba dukiyarsa duka a soja, yunwa ta kashe shi. Wanda ya shagala da noma, mahaya su same shi ba shiri. Dune II na 1992 ne ya shimfiɗa wannan tsari, sannan Warcraft a 1994, Command & Conquer a 1995, Age of Empires a 1997, da StarCraft a 1998 suka biyo baya. Kada mai karatu ya ɗauka wasan yara ne zalla. A Koriya ta Kudu an yi shekaru ana nuna gasar StarCraft a talabijin kamar ƙwallon ƙafa, kuma a 2016 kamfanin DeepMind ya zaɓi StarCraft II a matsayin ma'aunin da zai gwada ƙwazon na'urarsa mai kwaikwayon tunanin ɗan Adam.

Kafin a yi maganar wanne ya fi daɗi, sai a fara duba na'urar da ke gida da wutar da ke unguwa. Mafi yawan kwamfutocin hannu da ke yawo a shagunanmu an ƙera su ne domin aikin ofis. Age of Empires II a sabon zubinsa na 2019 yana tashi a kan ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu gyara ke kira ram, mai gigabayit 4. Na uku da na huɗu kuwa ba sa karɓar ƙasa da 8, kuma ko sun tashi a kan tsohuwar na'ura, da zarar runduna biyu sun haɗu sai hoto ya riƙa tsayawa yana tafiya, fanka na kuka, batir na zuba. Bugu da ƙari, sauke kowane ɗaya daga cikinsu yana cin gigabayit gwammai, wanda ga mai sayen data a waya kuɗi ne na biyu da ba a rubuta a farashi ba. Sai batun wuta. Karawa da wani ta intanet tana ɗaukar rabin awa ko fiye, ba a kuma dakatar da ita don an ɗauke wuta a Kaduna. Wanda layinsa ya yanke an ci shi ke nan. Saboda haka wasan da ya dace da mu shi ne wanda mutum zai iya yi shi kaɗai da kwamfuta, ya adana inda ya tsaya, ya rufe, ya dawo gobe.

Ta fuskar kuɗi, babbar kasuwar waɗannan wasanni ita ce Steam, kuma ba ta san naira ba. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, abin da ake saya dala ashirin ya zama lissafin da magidanci zai yi shiru ya yi tunani. Daga 2022 bankuna da yawa sun rufe sayayyar waje da katin naira, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa da iyaka. Wannan ne ya sa kwafin sata, da a da ake sayarwa a faifai yanzu kuma ake turawa a filashi, ya ƙi mutuwa. Ba zan yi wa kowa wa'azin haƙƙin mallaka ba. Abin da zan ce kawai shi ne, kwamfutar da yaro ke wasa a kai sau da yawa ita ce uba ke ajiye takardun ofis, ita ce uwa ke shiga asusun banki da ita, kuma duk wanda ya ɓata lokacinsa ya fasa makullin wasa ya raba kyauta, ba lallai ne ya yi don Allah ba.

Abin mamakin shi ne akwai na halal da ba a biyan ko kwabo. Kamfanin Blizzard ya saki StarCraft na asali kyauta a 2017, a ƙarshen wannan shekarar kuma ya buɗe babban ɓangare na StarCraft II. Akwai kuma 0 A.D., wanda 'yan sa kai suka gina, ba shi da nauyin saukewa, kuma cikin al'ummominsa har da Kushawa na bakin Nilu, a ƙasar Sudan ta yau. Duk yaron da ya ce yana son irin wannan wasa, a fara ba shi ɗaya daga cikin waɗannan. Idan bayan mako biyu ya watsar, an huta. Sai dai a yi hattara da wata kyautar, wato ta wasannin waya irin su Clash of Clans, da ma wanda aka fitar a 2024 da sunan Age of Empires Mobile. Shiga kyauta ne, amma an gina su a kan jira: gini zai ɗauki sa'o'i, sai dai in ka biya a gaggauta maka. Wannan ba dabara ba ce, kuɗin shiga ne da ake karɓa a kowace ƙofa, kuma wanda ya fi aljihu shi ke gaba.

Idan za a sayi guda ɗaya tak, ni Age of Empires II zan nuna. Ya fito a 1999, har yau ana ƙara masa sababbin babi, ƙaramar na'ura tana ɗaukarsa, kuma labaran yaƙin da ke cikinsa za su ishi mutum watanni ba tare da intanet ba. A ciki akwai Salahuddin, akwai Ɗariƙu bin Ziyad da ya tsallaka Andalus a 711, akwai Sundiata wanda ya kafa daular Mali a ƙarni na 13. Ba a rasa kwamacala ba: sojojin mata da aka ba Mali, daga matan yaƙin Dahomey aka kwaikwayo su, alhali tsakanin daulolin biyu akwai tazarar ƙasa da ta zamani mai yawa. Na huɗu, na 2021, ya fi kyan gani, an kuma ƙara masa Mali da Usmaniyya a 2022, amma sai mai na'ura mai ƙarfi.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina, kuma dalilin wannan rubutu, shi ne na uku. A watan Agustan 2021 masu Age of Empires III suka fitar da ƙarin da suka kira The African Royals, suka sa al'ummomi biyu, Habashawa da Hausawa. Ka danna manomi ya amsa maka da Hausa. Kana kiwon shanu ka kai su kara ka musanya da itace ko zinariya. Kana gina fada da makarantar ilimi mai zurfi, su tara maka abin da wasan ya ɗauka a matsayin faɗa-a-ji, wanda da shi kake ɗaukar sojojin haya da manyan bindigogi. Kafin ka haye daga zamani zuwa zamani sai ka ƙulla ƙawance, da Songhai ko Maroko, da Fulani ko Yarbawa, daga baya har da Ingila. A cikin rundunar akwai maharban Fulani, akwai wani mahayi da aka sa wa suna Maigadi, akwai kuma ɗan lifidi.

Wannan na ƙarshe ba ƙirƙira ba ce. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi rigar auduga ce mai kauri da ake lulluɓe doki da mahayinsa domin kibiya ta maƙale kafin ta kai ga tsoka, kuma a wasan ma haka aka yi shi, mahayi mai wuyar kashewa. Wanda ya taɓa zuwa hawan salla a Zariya ya ga 'yan lifidi da idonsa. Amma yara nawa ne a layinmu suka taɓa zuwa? An cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a wajajen 2009, sai a 2022 gwamnati ta yi shelar dawo da shi. Ke nan akwai samari da dama da za su fara jin kalmar lifidi daga bakin wani kamfani na Amurka, ba daga malami ko kaka ba, alhali Gidan Arewa da tarin takardunsa yana nan cikin garin nan.

Shi ya sa kurakuransa ba ƙananan abubuwa ba ne. Wasan ya naɗa Sarauniya Amina jagorar Hausawa baki ɗaya, ya kuma ba ta Kano a matsayin babban birni. Bazazzagi zai yi tsaki. Mai son kare su zai ce ai Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta a Infakul Maisuri cewa Kano da Katsina sun biya ta haraji, sai dai karɓar haraji daban, zama a gadon sarauta daban. Hasali ma masana ba su daidaita a kan zamaninta ba, kundin Kano ya kai ta ƙarni na 15, wasu kuma suka sa ta a na 16, wasan kuwa bai nuna akwai wata gardama ba. Haka kuma ƙasar Hausa ba ta taɓa zama daula ɗaya mai tuta ɗaya kafin jihadi ba. Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Kabi sun fi yaƙar juna a kan yaƙar baƙo. Ko maroƙin da ke ƙarfafa wa runduna gwiwa, sunan da Faransawa ke kiran mawaƙan Senegal da Mali aka laƙaba masa.

Mafi nauyi shi ne babin da aka gina a kan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka sa wa suna mai ma'anar faɗuwar Hausawa. Abin da ya faro da hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ya bi ta Tafkin Kwatto, ya kai ga cin Alƙalawa da mutuwar Sarkin Gobir Yunfa a 1808, an taƙaita shi zuwa aikin awa guda na tara soja da rushe gini. Wasa yana iya nuna yadda aka yi yaƙi, amma dalilin yaƙin ya fi ƙarfinsa. Ƙorafin da Shehu ya jera a Kitabul Farƙi, na harajin zalunci da ƙwacen dukiya da gaisuwar da ake kai wa masu mulki, ba abu ne da ake dannawa da linzamin kwamfuta ba. Kuma Hausawa da yawa suna cikin jama'ar Shehu, abin da sunan babin kansa ya binne. Duk da haka ina ganin ya cancanci saye, bisa sharaɗin uba ya zauna kusa ko da sau ɗaya, ya ga abin da ake nuna wa ɗansa, ya yi masa gyara. A sani kuma cewa a farkon 2025 kamfanin ya soke ƙarin da ya yi alkawarin fitarwa ga wannan wasa, don haka abin da ke ciki yanzu shi mai saye zai dogara da shi.

Akwai wanda ba zan sa wa yaro ba, wato Command & Conquer: Generals na 2003, wanda har yanzu yake yawo a filashin samari. Ta fuskar dabara ba shi da laifi, amma ɗaya daga cikin ɓangarorinsa uku ƙungiyar 'yan ta'adda ce mai rawani da lafazin Gabas ta Tsakiya, makamanta su ne 'yan ƙunar baƙin wake da motar bam da guba. A Jamus hukuma ta taƙaita sayar da shi a shekarar da ya fito. Mu da muka ga tashin bama-bamai a Kaduna a 2012 ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Wanda ya yanke shawarar saye, kada ya yi gaggawa. Steam tana karya farashi sosai a ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba, kuma tsofaffin wasanni irin waɗannan suna cikin waɗanda ragin ke shafa. Tun 2023 akwai kuma ɗanɗanon Age of Empires III da ake saukewa kyauta, wanda ya isa a gane ko na'urar gida za ta ɗauke shi kafin a biya kuɗin ƙarin da Hausawa ke ciki. Ga sauran, ƙa'idar kasuwar ita ce ana mayar da kuɗi idan ba a wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba a yi wasan ya kai awa 2 ba. A yi amfani da waɗannan awoyi biyu a kan babban fage mai runduna da yawa, a kan batir, ba a kan darasin farko mai manoma uku ba.