DUTSEN KWATARKWASHI: MAKARANTAR MANOMI

Duk wanda ya bi hanyar Tsafe zuwa Gusau ya san Dutsen Kwatarkwashi, a ƙasar Bungudu. Ga shi tsaye kusa da hanya, garin kuwa yana gindinsa. Mutanen dā sun fake a cikinsa lokacin yaƙe-yaƙe. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 ake lissafa shi cikin wuraren yawon buɗe ido na jihar.

Mu manoma, ba kallo kaɗai ya kamata ya kai mu bisansa ba. Daga can sama mutum yakan ga gonaki shimfiɗe kamar tabarma, ya kuma ga abin da ba ya ganuwa daga ƙasa, wato hanyar ruwa. Dutse ba ya shan ruwa. Abin da ya zubo a kansa da damina duk gangarowa yake yi da ƙarfi. Inda aka bar itatuwa da ciyawa a gindi, sai ruwan ya lafa, ya nutse, rijiyoyi su samu. Inda aka sare su don itacen wuta ko gawayi, sai ya haƙa kwazazzabo, ya kwashe taki da ƙasa mai kyau, ya bar wa mai gona tsakuwa.

Dutsen ya yi suna da mikiya, wadda a dā take sheƙa a tsagoginsa. Amma a 2015 masanan tsuntsaye na duniya suka sa irinta cikin masu gab da ƙarewa, saboda guba da farautar masu neman magani. In babu ita da ungulu, wa zai kawar mana da mushe?

Ƙungiyar da take son hawa ta jira rani, ta tashi da sassafe da ruwan sha, ta nemi izinin masarauta da ɗan gari mai nuna hanya. Saboda ta'adin 'yan bindiga a yankin, kada kowa ya hau sai mutanen gari sun ce lafiya.

Ko ba mu hau ba, 'yan'uwa, darasin yana nan. Mu jera duwatsu a gicciyen gangaren gonakinmu, mu bar gawo da ɗorawa su girma. Allah ya ba mu ƙasa amana ne, domin mu noma ta, mu kuma kiyaye ta saboda 'ya'yanmu.