Uwargida, Idan 'Yarki Ta Ce Aikin Welfeya Take So

Kwanakin baya wata uwa ta tsayar da ni bayan an tashi daga Islamiyya a nan Mashi, ranta a ɓace. 'Yarta ta gama sakandare, ana sa ran za ta nemi nas ko ungozoma, sai yarinya ta ce ita aikin jin daɗin jama'a za ta karanta, wanda muka fi sani da welfeya. Ta ce da ni, "Malama, wannan ai yawon gidajen mutane ne, ga shi ba albashin kirki." Na san ba ita kaɗai ke wannan tunani ba, shi ya sa na kawo miki zancen.

Mu fara da abin da ke ƙofar gidanmu. A shekarar 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 ne tamowa ta kashe a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida kacal, kuma Mashi na cikin wuraren da take aiki. Likita zai duba yaro, nas za ta ba shi abincin tamowa, ya murmure a sallame shi. Bayan wata biyu sai ga shi an dawo da shi. Me ya faru a gida? Wataƙila abincin nan da yayyensa ake raba shi saboda su ma ba su ci ba. Wataƙila an sayar an sayi gero. Wataƙila maigida ya tafi ci-rani, uwar ba ta da kuɗin mota, ko kuwa an sake ta ne tana jin nauyin faɗa. Ba allurar da ke warkar da wannan. Sai an samu mai zama a tabarma ta saurara, ta gano bakin zaren, ta san ƙofar da za a ƙwanƙwasa: mai unguwa ne, dangin miji ne, ko ofishin ƙaramar hukuma. Aikin ke nan.

To wa zai shiga? Ke ma kin sani, gidajenmu ba a barin namiji baƙo ya wuce zaure. Ko an bar shi, wace mace ce za ta gaya masa tana yoyon fitsari? Asibitin Babbar Ruga da ke Katsina ya shahara wajen ɗinkin wannan lalura tun zamanin Dokta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan da ya fara aikin a shekarun 1980. Amma kafin ɗinki sai an samu wadda ta lallashi mai ciwon ta fito daga ɗakin da ta ɓuya, bayan ɗinki kuma sai an samu mai shiga tsakaninta da miji. Idan 'ya'yanmu masu tarbiyya ba su karanci aikin ba, kada mu yi ƙorafi in wanda bai san al'adarmu ba ya zo yi mana shi.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata, 'Yan Taru kuma suka shahara da hidimar marasa lafiya da masu haihuwa. Suratul Ma'un da yaranmu ke haddacewa tun suna aji ɗaya, a kan maraya da miskini take magana.

Sai dai zan gaya miki gaskiya, tausayi kaɗai ba ya isa. Na tambayi yarinyar dalilinta, ta ce ba ta iya ganin mutum yana kuka. Na ce mata to ki shirya, za ki gani kullum, kuma ba kowa za ki iya cetowa ba. Mai son a yabe ta ba za ta daɗe ba. Mai kwaɗayin albashin ƙungiyoyin waje ta sani kwangila ce, tana ƙarewa. Mai sakin baki kuwa, wannan ta fi kowa haɗari, domin asirin gidajen mutane za a damƙa mata, ta ji a Mashi ya mutu a cikinta.

Karatu ne sosai. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna na da sashen da ke koyar da shi, kuma a watan Disamba na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta riƙa kula da masu wannan sana'a a Najeriya. Ana koyon yadda ake yi wa yaron da aka cutar tambaya ba tare da an ƙara masa ciwo ba, da yadda ake rubuta rahoton da alƙali zai karɓa.

Maganar albashi, uwar nan ba ta yi ƙarya ba, ba aikin tara dukiya ba ne. Na ba ta shawara ta bar yarinyar ta riƙa raka wata ma'aikaciyar asibiti ta wata guda, da izinin mahaifinta, a ga ko za ta jure. Sati uku ke nan tana zuwa. Jiya uwar ta ce mini ta dawo ba ta ci tuwo ba, amma da safe ita ta riga kowa sa hijabi.