Sauraron motsin ƙasa daga Gusau: haɗa na'urar ba wuya, agogon ne aiki

Ranar Juma'a, 8 ga Satumban 2023, da ƙarfe 11:11 na dare, ƙasa ta girgiza a tsaunukan Atlas na Maroko, mutum kusan 3,000 suka rasu. Bayan kimanin minti biyar, motsin farko na wannan girgizar ya ratso ta ƙarƙashin Sahara ya iso Gusau, tafiyar kilomita 2,600. Babu wanda ya ji shi a Tudun Wada ko Sabon Gari, domin ko ruwan kofi bai kai ya kaɗa ba. Amma irin wannan motsin na'ura tana kama shi, kuma a yau ba sai gwamnati ce kaɗai ke iya mallakar na'urar ba. Malamin kimiyya mai kwamfuta a ɗakinsa ma yana iya haɗa tasa.

Wani zai ce ina ruwan Zamfara da girgizar ƙasa, ga matsalolin da suka fi ta zafi jibge. Da gaskiyarsa ta wani fannin, Najeriya ba ta bakin manyan farantan ƙasa kamar Turkiyya ko Japan. Sai dai ba a ce ƙasar tamu kwance take lumui ba. An ji motsi a Ijebu-Ode a 1984, an ji a Kwoi ta jihar Kaduna a Satumban 2016 har gine-gine suka tsage, an kuma ji a Mpape ta Abuja a Satumban 2018, abin da ya sa hukuma ta dakatar da fasa dutse da haƙar rijiyar burtsatse a yankin. Masana duwatsu sun daɗe da sanin wata tsohuwar tsaga da ta bi ta Anka ta gangara Yawuri har ƙasar Yarabawa, kuma a kewayenta ne zinaren da ake haƙa yake. Ga madatsar Bakolori, ga masu fasa dutse da nakiya, ga ramukan ma'adinai da ke ruftawa da mutane. Wata cibiya da ke Toro a jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, tana da tashoshin saurare a Toro da Kaduna da Ile-Ife da Nsukka. Daga Kaduna zuwa Gusau kilomita 200 ne a miƙe, ƙaramin motsi kuwa yakan narke kafin ya ci wannan tazarar.

Ita na'urar, wadda masu neman man fetur ke kira jiyofon, ba ta kai gwangwanin madara girma ba. A cikinta akwai maganaɗisu da naɗaɗɗiyar waya da ke rataye a kan sifirin. Idan ƙasa ta motsa, gwangwanin da maganaɗisun su bi ta, wayar kuma ta ɗan yi nawa, wannan saɓanin sai ya haifar da 'yar wutar lantarki. Ana ƙara wa wutar ƙarfi, wani ɗan allo ya mayar da ita lambobi sau 100 a kowace daƙiƙa, kwamfuta ta adana. Kada dai a yi sauri a cusa wayar a ramin makirfo, domin an gina shi ne don muryar mutum, yana zubar da motsi mai nawa, wanda shi ne ainihin abin da ake nema. Tun 2016 wani kamfani a Panama ke sayar da irin wannan haɗin a shirye da sunan Raspberry Shake, kuma makarantu da gidaje a ƙasashe da dama suna aika abin da suka kama ta intanet.

Har nan babu abin da ya fi ƙarfin mai gyaran rediyo a kasuwar Gusau. Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci.

Girgiza tana aiko da motsi iri biyu ta cikin dutse. Na farko, wanda masana ke yi wa laƙabi da P, yana gudun kusan kilomita 6 a daƙiƙa. Na biyu, S, yana bin baya da kusan kilomita uku da rabi. Kamar walƙiya da tsawa ne: gwargwadon ratar da ke tsakaninsu, gwargwadon nisan wurin. Idan ratar daƙiƙa 5 ce, a ninka sau 8, nisan ya kama kilomita 40. Amma tasha ɗaya nisa kawai take faɗa, ba ta nuna gabas ko yamma. Kuma a ƙaramin motsi ko tashin nakiya, sau da yawa S yakan ɓace cikin hayaniya, sai a dogara ga lokacin isowar P a tashoshi daban-daban, a ga wadda ta riga ji, da wadda ta biyo, da ratar da ke tsakani.

A ɗauka an kafa na'ura uku, a Bungudu da Gusau da Tsafe. Tsakanin Bungudu da Gusau bai kai kilomita 20 a miƙe ba, wato tafiyar daƙiƙa uku ga motsin P. Tsakanin Gusau da Tsafe bai wuce 40 ba, daƙiƙa shida ko bakwai. Duk lissafin a cikin waɗannan 'yan daƙiƙoƙin yake. Idan agogon kwamfutar Tsafe ya yi gaba da daƙiƙa ɗaya tak, an yi kuskuren kilomita 6 ke nan, kuma nakiyar da aka tayar a wani wurin fasa dutse za a iya jingina ta ga ƙauyen da bai san hawa ba bai san sauka ba. Agogon kwamfuta kuwa ba abin yarda ba ne. Ɗan ƙyastun da ke buga masa lokaci yakan kauce da kashi 20 cikin miliyan, abin da ke zama kusan daƙiƙa biyu a yini, daƙiƙa 12 a mako. Ba ma a ƙa'ida ɗaya yake kaucewa ba, zafin Afrilu da sanyin hunturu kowanne da yadda yake jan sa.

Hanya mai sauƙi ita ce kwamfutar ta riƙa tambayar lokaci ta intanet, tsarin da ake kira NTP. Idan sabis na da kyau, kuskuren bai wuce 'yan kashi cikin ɗari na daƙiƙa ba, kuma ya isa. Amma mutanen Zamfara ba sa bukatar a tuna musu da Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni sai an tafi wani gari a wajen jihar kafin a yi waya. Tashar da ta dogara da intanet, a irin wannan yanayin za ta ci gaba da rubutu da agogon da ke ta zamewa, ba wanda ya sani.

Shi ya sa a ganina GPS ne ya dace da mu. Taurarin ɗan'adam na wannan tsarin suna ɗauke da agogon atom, kuma ɗan akwatin karɓar saƙonsu ba ya neman kati ko data, sararin sama kawai yake so ya gani. Yana fitar da bugu ɗaya a farkon kowace daƙiƙa, daidai har cikin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Dabarar ita ce a shigar da wannan bugun cikin allon da ke auna motsin, su shiga tare. Idan aka bari sai lambobin sun bi ta wayar USB sun iso sannan kwamfuta ta buga musu lokaci, to lokacin isowarsu aka rubuta, ba lokacin da ƙasa ta motsa ba, kuma jinkirin yakan canza idan kwamfutar na fama da wani aikin. A kuma saita komai da lokacin duniya na UTC, wanda agogon Najeriya ya riga da awa ɗaya, don bayanan su yi daidai da na Toro da na ƙasashen waje.

Saura wurin ajiyewa. Ba a sama a bene ba, ba kusa da janareto ko injin markaɗe ba, ba kuma a bakin titin Funtua zuwa Sakkwato ba, inda kowace tirela za ta fito a allo kamar ƙasa ta tsage. A daɓen siminti ake so, a ƙasa, a kife ta da bokiti ko akwati don iska da zafin rana, a ba ta wuta daga sola da batir, tunda ɗaukewar wuta na minti goma na iya cinye abin da aka shekara ana jira. Wurin da ya fi kowanne shi ne kan dutse tsantsa, irin wanda ke gindin Dutsen Kwatarkwashi ko duwatsun Tsafe, idan tsaro ya bari.

Akwai wani cikas da taswira ke nunawa. Bungudu da Gusau da Tsafe kusan a layi ɗaya suke, a bin titi guda. Tashoshin da ke jere haka ba sa iya bambance motsin da ya zo daga hagun layin da wanda ya zo daga dama, domin lokutan isowa iri ɗaya za su bayar. Dole a sami ta huɗu a gefe, kuma Kaura Namoda da ke arewa ta dace, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a garin.

Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, ita ya kamata ta ja gaba: ta riƙe tashar tsakiya, ta ba makarantun sakandare a Tsafe da Bungudu sauran, ta kuma nemi masanan Toro su duba sahihancin abin da ake tarawa. Wanda zai amince da kuɗin aikin kuma ya duba takardar da kyau, idan bai ga akwatin GPS da batir a jerin kayan kowace tasha ba, ya mayar da ita a gyaro.